Katangar Da Na Kashe A Gidan Ustaz Usman

Ba zan faɗi sunana ba. Ba tsoro ne ya hana ni ba, don waɗanda za su kama ni sun riga sun kama ni, na kuma yi zaman da aka yanke mini. Ina da ƙanne mata da suka yi aure a gidajen mutunci, ba na so a riƙa nuna 'ya'yansu saboda abin da na aikata. Ku samari da 'yan mata da kuka taso da waya a hannu, da ku nake magana.

A Jazira ta ƙasar Sudan aka haife ni, a zangon ma'aikatan gonar auduga. Kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso da niyyar aikin Hajji, tafiya ta tsaya musu a nan. Da mahaifina ya rasu, Inna ta kwaso mu ta kawo mu Khartum, muka sauka a unguwar Mayo, a ɗaki ɗaya na laka. Shayi take sayarwa a bakin titi, da shi ta ciyar da mu, da shi na gama sakandare. Ban taɓa ɗaukar abin wani ba. A unguwa, in uwa tana faɗa wa ɗanta ya natsu, da ni take ba shi misali.

Ina da shekara ashirin da wani abu na sami aiki a wani shagon gyaran kwamfuta a Kasuwar Libiya, can Omdurman. Hannuna ya karɓi aikin da wuri. A lokacin ne intanet ya fara shiga gidajen masu ɗan hali, sai ya zama ni ake aika wa gida gida in haɗa musu rauta, wato ƙaramin akwatin nan da ke raba intanet a cikin gida, in kuma shirya musu kwamfuta.

Kowace kwamfuta, da kowace rauta, tana da wani tsaro a cikinta. Mu a kasuwa fayawol muke ce masa, in kuma zan yi wa dattawa bayani sai in ce katanga. Aikinta shi ne ta tare duk wanda ke son shigowa kwamfutarka daga waje ba tare da izininka ba. In tana kunne, baƙo zai ƙwanƙwasa ya gaji ya tafi. In aka kashe ta, ko aka buɗe mata ƙofa, wanda ya san hanya zai shigo daga ko'ina yake, ya ga duk abin da ka ajiye, kai kuma kana zaune a gabanta ba ka san komai ba.

Lalaci ne ya fara kai ni, ba mugunta ba. Sai mutum ya kira ni daga Kalakla ya ce kwamfuta ta ƙi buga takarda. In bar Omdurman, in hau mota biyu cikin rana, in je in tarar abin danna maɓalli ɗaya ne. Sai na ce wa kaina, me zai hana in sa wata manhaja da zan riƙa shiga daga shago in gyara musu? Don manhajar ta yi aiki, sai na buɗe ƙofa a katangar. Wani gidan ma in abin ya ba ni wahala sai in kashe ta gaba ɗaya. Ban gaya wa ko mutum ɗaya ba. Na ce ai taimakonsu nake yi.

Wata rana da rana tsaka, kasuwa ta yi sanyi, babu kowa a shago. Na shiga kwamfutar wani gida don in duba ko gyaran da na yi ya zauna. Na ga wata ma'ajiya an rubuta mata "biki". Na buɗe. Hotunan matan gidan ne a wajen lalle, ba mayafi, suna dariya tsakaninsu. Na rufe da sauri, na yi istigfari. Washegari na sake buɗewa. Bayan mako ɗaya na daina istigfarin. Na koma ina karanta wasiƙun mutane, na san wanda ke shirin sakin matarsa, na san wanda likita ya gaya wa mummunan labari bai faɗa wa iyalinsa ba. Ina jin wani irin girma a raina, ni ɗan mai shayi, na san cikin manyan gidaje.

Kusa da shagonmu akwai wani mai sayar da tsofaffin wayoyi, Babikir. Ya girme ni, mai fara'a ne, kullum da sabuwar jallabiya. Ran nan ya shigo ta bayana ban ji motsinsa ba, ya tsaya yana kallon abin da nake kallo.

Ya ce, "Wannan kwamfutar wa ce?"

Na ce ta wani kwastoma ce.

Ya ce, "Ina take? Ban gan ta a shagon nan ba."

Ya ja kujera ya zauna, ya sa aka kawo mana shayi. Ya ce, "Kai kana zaune a kan arziki kana kallon hotuna."

Sai kun san yadda zamanin yake kafin ku gane abin da ya kawo mini. Mulkin soja ne. Mutane suna rage murya in za su yi maganar gwamnati ko da a tsakar gidansu. Kowa ya san wani da aka zo aka tafi da shi, aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Babikir ya ce ba ma bukatar bindiga ko fasa ƙofa. Ni in nemo abin da mutum ke tsoron a gani, shi kuma ya buga waya da muryar jami'in tsaro. Ya iya muryar ƙwarai, a hankali yake magana, ba ya ɗaga harshe. Ba wanda zai kai ƙara, domin kai ƙara tona wa kai asiri ne.

Na ce ba zan iya ba. Ya ce to, shi kuma ba zai iya riƙe bakinsa a gaban maigidana mai shagon ba. Gaskiya ita ce, ba barazanarsa kaɗai ta ja ni ba. Ina so. Muka fara da wani ɗan kasuwa, abin ya tafi yadda Babikir ya faɗa. Na sayi sabuwar waya, na kai wa Inna atamfa da turare. Ta riƙe kayan tana kallona, ta ce, "Aikin naku ya yi albarka haka?" Na ce ya yi, Inna.

A cikin gidajen da na haɗa wa intanet akwai gidan Ustaz Usman, wani tsohon malamin makaranta a tsohuwar unguwa ta Omdurman. Shi ma asalinsa namu ne, iyayensa sun daɗe a garin. Ranar da na fara zuwa gidan, da ya ji Hausa a bakina, sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Ashe ɗana ne aka aiko mini." Ba a taɓa barina na fita gidan ban ci abinci ba. Matarsa, Hajja Batul, takan ƙulla mini dabino in kai wa Inna. Suna da 'ya ɗaya da ta rage a gabansu, Amna, tana karatun likita a jami'a. Don ita aka sayi kwamfutar.

A kwamfutar Amna na tarar da wani bidiyo. Ɗalibai ne suka fito zanga-zanga a harabar jami'a, ita ta ɗauka da wayarta, muryarta tana fita sarai, fuskokin abokanta duk ana gani. Na daɗe ina kallonsa. Na san abin da wannan bidiyo zai iya jawo mata. Na kwafe shi duk da haka. Na ce a raina ba zan nuna wa Babikir ba, ajiyewa kawai zan yi. Kwana uku na riƙe. A na huɗu ya tambaye ni ko akwai sabon abu, na juya masa kwamfutar.

A gabana ya buga wayar. Ya kira Ustaz da cikakken sunansa, ya faɗi sunan Amna da ajinta, ya faɗi launin mayafin yarinyar da ke tsaye kusa da ita a bidiyon. Ya ce takardar kamun tana kan teburinsa, amma shi ma uba ne, ana iya gyara maganar tsakaninsu. Ina jin muryar tsohon daga cikin wayar, yana ta cewa, "Na'am, ranka ya daɗe. Na'am."

Ba a yi awa ɗaya ba sai tawa wayar ta yi ƙara. Ustaz ne.

Ya ce, "Ɗana, kana ina? Ka zo yanzu, don Allah. Kada ka gaya wa kowa."

Na so in ƙi zuwa. Babikir ya ce in na ƙi za a yi zargi. Na hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, na tafi, bayan la'asar. Na tarar an rufe tagogin falo duk da zafi. Hajja Batul ta kawo mini shayi. Amna tana tsaye jikin bango, idonta ya kumbura. Ustaz ya ja ni gefe ya faɗa mini duk abin da na riga na sani, cikin raɗa. Ya ce in goge abin, in goge shi yadda ba zai dawo ba.

Na zauna a gaban kwamfutar, su uku suna tsaye a kaina. Ina tsoron kada Amna ta ga alamar manhajata a ƙasan allo, sai na matsa da kafaɗata na tare wurin. Na goge bidiyon suna gani. Ustaz ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Amma ta yaya suka gani, ɗana? Ba wanda ya taɓa wannan na'urar sai ita sai kai."

Na ɗaga kai na dube shi. Ba zargina yake yi ba, tambaya yake yi tsakani da Allah. Na ce, "Baba Ustaz, suna da na'urorin da suke ganin komai. Ba abin da mutum zai iya."

Ya ce, "Haka ne. Allah ya yi maka albarka." Ya dafa kaina.

Don a biya abin da mai wayar ya nema, Hajja Batul ta tuɓe awarwaronta na zinariya, na aurenta. Ustaz da kansa ya kai su tashar mota a cikin ambulan, ya ajiye inda aka ce ya ajiye. Ina tsaye a bayan wata rumfa ina kallonsa yana tafiya yana waige, da sandarsa.

Na ce wa Babikir gidan nan ya isa haka. Ya ce to. Bayan mako biyu ya sake kiransu ban sani ba, ya ce wani babba ya ga takardar, sai an ƙara. Ustaz ya ajiye wayar, ya tafi zai yi alwala, ya faɗi a bakin famfo. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace.

Kwana goma bayan haka Amna ta kira ni. Ta ce kwamfuta tana ba ta matsala, in zo. Muryarta ba ta nuna komai ba. Na je da hantsi. An fito da Ustaz falo an kwantar da shi a kan gadon igiya, Hajja tana zaune a gefensa tana yi masa fifita. Kwamfutar tana kan tebur a buɗe. Amna ta mai da ƙofa ta rufe, ta tsaya a jikinta.

Ta ce, "Zauna."

Na zauna.

Ta ce, "Na kai ta wurin wata ƙawata mai karatun injiniya. Ta ce katangar a kashe take. Ta ce ba da kanta ta mutu ba, kashe ta aka yi. Wa ya kashe?"

Na ce wani lokaci cuta takan shiga kwamfuta ta kashe ta.

Ta ce, "Mun kunna ta. Tun ranar take rubuta duk wanda ya yi ƙoƙarin shigowa. Wuri ɗaya ne, kullum, tsakanin azahar da la'asar." Ta matso ta danna wani abu. Manhajata ta buɗe, ga adireshin da aka yi mata rajista da shi a rubuce. Sunana ne a ciki, da shekarar haihuwata. Ko ɓoye shi ban yi ba, don ban taɓa zaton wani a gidan zai duba ba.

Fifitar Hajja ta tsaya. Ina jin ƙarar fanka. Na duba ƙofa, Amna ta riga ta koma ta tsaya a wurin.

Ta ce, "Ka san ba zan iya kai ka ƙara ba. Da wannan ka dogara tun farko, ko ba haka ba?"

Ustaz ya ɗaga hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya yafito ni. Na durƙusa a gaban gadon. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, miyau yana zuba ta gefen bakin, Hajja tana share masa. Da ƙyar kalmomin suka fito. Ya ce, "Da ka... tambaye ni... da na ba ka."

Amna ta buɗe ƙofa. Na fita ban ɗauki jakar kayan aikina ba.

Daga nan shago na wuce, na goge bidiyon daga kwamfutata, na ce wa Babikir na fita. Ya yi dariya ya ce, "Fita zuwa ina? Ni waya kawai na buga. Hannunka ne a cikin na'urorin mutane." Ban sani ba ashe ya riga ya tura wa kansa kwafi a wayarsa, da na Amna da na wasu. Ya ci gaba shi kaɗai da abin da ke hannunsa. A cikin gidajen da ya kira akwai na wani ɗan kasuwa wanda surukinsa jami'in tsaro ne na gaske.

Wata rana da safe jami'an tsaro suka zo, kasuwa ta cika. Mutum huɗu cikin farin kaya. Ɗaya ya tambayi sunana cikin ladabi, na amsa, sai na ji an murɗe hannuna ta baya. Aka fito da Babikir daga shagonsa ba takalmi. Aka rufe mana ido a cikin mota. Inda aka kai mu ban san sunansa ba har yau, kuma ba zan ba ku labarin makonnin da na yi a can ba. Abin da zan ce kawai, duk abin da muka riƙa tsoratar da mutane da shi a waya, na gan shi da jikina. Tun ranar farko Babikir ya ce ni ne shugaba, shi ɗan aike ne.

Daga baya aka kai mu kotu, aka yanke mini shekaru, aka wuce da ni kurkuku. Wata na uku Inna ta sami zuwa. Ta rame, ta daina sayar da shayi a wurinta na da saboda nunin da ake mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yarinyar gidan malamin nan, an zo an tafi da ita." Jami'an sun ga bidiyon a wayar Babikir. An riƙe Amna kwanaki, da ita da wasu daga cikin waɗanda fuskarsu ta fito, aka kuma kore su daga jami'a. Saura mata shekara ɗaya ta gama.

Inna ta ce, "Dabinon da kake kawo mini, daga gidan ne?"

Na ce daga can ne.

Ta tashi ta tafi, lokacin ziyara bai ma ƙare ba. Ta ci gaba da zuwa bayan haka, amma ba ta ƙara tayar da maganar ba.

A kurkuku na koma salla, ba don na zama mutumin kirki dare ɗaya ba, sai don ba ni da inda zan kai abin da ke cikina. Na daɗe ina ɗora wa Babikir laifi. Sai a shekara ta biyu na yarda cewa kafin ya shigo shagon nan ta bayana, na riga na yi wata da watanni ina leƙen gidajen mutane.

Ranar da aka sake ni, na kwana biyu a Mayo, a na uku na tafi Omdurman. Ustaz ya rasu tun ina ciki. Aka kwatanta mini wani kantin magani inda Amna take aiki. Na tsaya a waje har mutane suka ragu, sannan na shiga. Ta gane ni nan take. Na ce na zo neman gafara ne, ba na kuma sa ran samu.

Ta ci gaba da jera kwalaye a kan kantar shagon. Can ta ce, "Baba ya yafe maka kafin ya rasu. Ya sa na yi masa alkawarin zan faɗa maka, ga shi na faɗa. Ni ban yafe ba. Ban sani ba ko zan iya. Kada ka sake zuwa nan."

Na ce na gode. Ban sake zuwa ba.

Yanzu ina da ɗan tebur a Kalakla, ina gyaran waya da kwamfuta, don ba ni da wata sana'ar. Ba na taɓa na'urar mutum sai yana tsaye a kaina, kuma duk wanda ya zauna sai na gaya masa abin da zan gaya muku. Ku buɗe kwamfutar gidanku ku duba katangar nan, ku tabbata a kunne take, ta rauta ma haka. In mai gyara ya ce sai ya kashe ta kafin abu ya yi aiki, ku tambaye shi dalili, ku kuma tsaya har ya mai da ita a gabanku. Kalmar sirrin rauta ku canza ta da hannunku bayan ya tafi. Kada ku yarda a sa muku manhajar shiga daga nesa ba ku san da ita ba, ko da mai sa ta yana jin yarenku, ko da yana cin abinci a gidanku. In kun ga abin da ba ku gane ba, ku kai wa wani na biyu ya duba, kamar yadda Amna ta yi.

Ku kuma da Allah ya ba ku ilimin na'ura, waɗanda ake miƙa wa waya a ce ku duba, ku ne na fi jin tsoro a kanku. Wata rana za a bar ku ku kaɗai da hotunan wani da wasiƙunsa, ba mai ganinku, za ku ce kallo ɗaya ba ya cutar da kowa. Ni ma haka na ce. Ku yi gyaran da aka ba ku, ku rufe, ku miƙa wa mai abu abinsa. Ni na yi shekaruna na fito, ina tafiya da ƙafafuna. Ustaz Usman bai sake tashi daga gadon nan ba, Amna kuma da ya kamata a ce yau likita ce, tana can tana miƙa maganin da wasu suka rubuta.